Hunturu ya shigo: me mai sayar da magani zai ce wa mai mura in ya tambayi zuma, citta da sirace?

Laminu:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Tunda iska ta juya, rabin masu zuwa farmasi mura ce da tari. Abin da ke cikin kwali an koya mana shi, amma mutane tambayarsu daban ce: zuma cokali nawa, a yi wa yaro sirace ko a bari, bitamin C na hana mura ko ba ya hanawa. A nan ne baki ke mutuwa. Don Allah a ƙara mana haske.

Alhaji Mamman:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kai mai sayar da magani ne, ba mai ganye ba. Wanda ke son citta ya san hanyar kasuwar Dole. Ka ba shi abin da ke kan kanta, ka karɓi kuɗinka.

Dokta Mariyama:
Alhaji, a nan ban bi ka ba. Kafin mutumin Damagaram ya taka ƙofar farmasi ya riga ya sha wani abu a gida, ko jiƙo, ko shayin kayan yaji, ko ƙwayar da ya saya wurin mai tebur. In ba ka tambaye shi ba, za ka ɗora magani kan magani ba ka sani ba. Shi ya sa tambayar farko ba "me kake so" ba ce. Waye marar lafiyar, shekararsa nawa, kwana nawa da farawa, akwai zazzaɓi, me ya riga ya sha, yana da hawan jini ko ciwon suga ko asma ko gyambon ciki, in mace ce tana da ciki ko tana shayarwa. Minti ɗaya ya isa.

Sannan mu daidaita kan ita kanta murar. Birus ne, wata irin ƙwayar cuta da antibiyotik ba ya kashewa, ke kawo ta, ba sanyi ko ƙura ba, kodayake ƙurar hunturu tana busar da hanci ta buɗe mata ƙofa. Tana tsananta a kwana na 2 zuwa na 3, ta lafa cikin kwana 7 zuwa 10. Tarin kan ja har mako uku. Babu abin da ke kashe ta, na kwali ko na gida. Duk abin da za mu tattauna a nan sassauci ne, kuma aikinmu mu san wanne ke sassautawa, wanne ne ɓarnar kuɗi, wanne ke da haɗari.

Majo Sani:
A ƙara da maganar majina. Ta koma rawaya ko kore a kwana na uku ko na huɗu, wannan tafiyar mura ce ta yau da kullum, ƙwayoyin jini masu kare jiki ne ke ba ta launin. Ba hujjar ba da antibiyotik irin su amoksisilin ko kotirim ba ce. Inda ake tunanin bakteriya ta shiga shi ne in an wuce kwana 10 babu sauƙi, ko an samu sauƙi sai ciwon ya dawo da zazzaɓi da ciwon fuska, ko kunne ya kama ciwo. Shi ma wannan awo ake tura shi, ba a kanta ake yanke hukunci ba.

Dokta Abdu:
Bari in ɗauki zuma, don ita ce ta fi kowanne tsayawa da ƙafafunta. An gwada ta a kan yara masu tarin dare, kuma ta fi barin yaro haka nan, ba ta kuma gaza siro ɗin tari da ake saye da tsada ba. Ma'auni: yaro daga shekara 1 zuwa 5, ml 2.5, wato rabin cokalin shayi. Daga 6 zuwa 11, ml 5. Daga 12 zuwa sama, ml 10. A ba shi kamar rabin awa kafin ya kwanta, ya lasa haka nan ko a dama a ɗan ruwan ɗumi. Dare uku ana gwadawa. Aikinta shi ne ta lulluɓe maƙogwaro ta rage ƙaiƙayin da ke tayar da tari, ba ta taɓa birus ɗin. A kuskure wa yaro baki bayan ya sha saboda haƙora.

Sai babbar magana: jaririn da bai cika wata 12 ba, ko ɗigo ɗaya kada a ba shi. Zuma kan ɗauko ƙwan wata bakteriya da ke zaune a ƙasa da ƙura. Hanjin babba yana hana ta tsiro, na jariri bai kai ba, sai ta tsiro a ciki ta saki dafin da ke shanye jijiyoyi. Yana farawa da rashin yin kashi, sai tsotso ya yi rauni, kuka ya dushe, wuya ya saki, idanu su lumshe, daga nan numfashi. Tafasa zumar a gida ba ya kashe ƙwan, kuma kyawunta ba ya hanawa. Zuma mai kyau ta daji ita ma tana iya ɗauke da shi.

Hajiya Zuwaira:
Allah ya saka, Dokta. Matsalar ta fi yawa ranar haihuwa, inda kaka ke lasa wa jinjiri zuma kafin a sa shi a nono, da kuma bauri da ake ɗura masa in ya fara atishawa. Jariri ƙasa da wata 6 maganin murarsa nono ne, a ƙara yawan ba shi, a buɗe masa hanci. Ko ruwa ba ya buƙata.

Malam Harisu:
Ni da nake sayar da zuma da habbatus sauda, ina goyon bayan wannan. Abin da ya zo a hadisi kan ɗanɗana wa jariri abu a baki dabino ne aka tauna. Kuma faɗin cewa akwai waraka a zuma bai ce a ba wanda jikinsa bai kai ba. Sai dai ina da ƙorafi a kanku ƴan farmasi: mutum ya ambaci habbatus sauda sai ku yi murmushi kamar ya faɗi abin kunya. Gobe ba zai sake gaya muku abin da ya sha ba.

Dokta Mariyama:
Ƙorafinka yana kan hanya, Malam. Babba ya tauna ƴan ƙwayoyi ko ya sha ƙaramin cokali na man, ba mu da abin cewa, sai dai mai shan maganin suga ko na hawan jini ya riƙa awo don tana iya ƙara saukar da su. Inda za mu ɗaga murya shi ne ɗiga mai a hancin jariri, ko man habbatus sauda, ko zaitun, ko man shanu, ko man kaɗe. Mai ba ya tayar da tari sosai in ya bi ta maƙoshi, sai ya silale ya sauka huhu, huhu kuma ba ya iya fitar da shi. A hankali ya zama kumburi da ba ya jin antibiyotik.

Malam Isufu:
Dokta, man kaɗe fa ba a yi masa adalci ba. An yi wani ɗan gwaji a Legas tun 1979 da ya nuna yana buɗe hanci.

Dokta Mariyama:
Gaskiya ne an yi, amma mutane kaɗan ne, kuma shafawa aka yi, ba ɗurawa ba. Babba ya lakato kaɗan ya shafa a bakin hanci saboda tsagewar hunturu da haɓo, wannan ba laifi. Narkar da shi a cokali a tsiyaya wa jinjiri yana kwance rigingine, shi ne abin da muke hanawa.

Laminu:
To hancin jaririn da me za a buɗe shi? Uwa ta ce ba ya iya shan nono saboda toshewa.

Hajiya Zuwaira:
Da ruwan gishiri na asibiti, ƴan ƙananan robobin nan na ml 5 da kuke da su. Amma kada ka miƙa mata kwali kawai, ka nuna mata da hannunka. Ta wanke hannu. Ta shimfiɗa zane ta kwantar da yaron a gefensa, kumatunsa ɗaya a ƙasa, ta dafe kan da tafin hannu. Ta murɗe bakin robar ta sa a ƙofar hancin da ke sama, ba ta cusa ciki ba, ta matsa a hankali amma ba tsayawa. Ruwan zai fito ta hancin ƙasa tare da majina, wani ya bi ta baki ya haɗiye, ba komai. Ta ɗaga shi zaune ya huta, ta share, ta juya shi ɗaya gefen ta maimaita. Sabon haihuwa rabin roba a kowane hanci ya isa. A yi kafin shan nono da kafin barci, ba bayan ya ƙoshi ba, don zai yi amai. Zai yi kuka, ki gaya mata tun farko, in ba haka ba za ta yi sau ɗaya ta daina. Kuskuren da aka fi yi shi ne kwantar da shi rigingine a ɗaga haɓa, ruwan ya tafi maƙogwaro ya sarƙe shi. Robar da aka buɗe ba ta kwana.

Au, Laminu, na ce "ki gaya mata", ka yi haƙuri, na saba da ɗalibaina mata.

Alhaji Mamman:
A ƙauye wa zai sayi kwalin ruwan gishiri alhali gishiri na cikin ɗakinsa?

Majo Sani:
Ga manya da yaran da suka tasa ana iya haɗawa, Alhaji, in an kiyaye ma'auni. Giram 9 na gishiri a lita ɗaya ta ruwa, wato cokalin shayi ɗaya da rabi a shafe, ba a tsiri ba. A tafasa ruwan, a bar shi ya huce a rufe. Farin gishiri mai laushi, ba balma ba, ba wanda ya haɗu da kanwa ba, don zai yi zafi a hanci. Abin da ya rage bayan awa 24 a zubar. In gishirin ya yi yawa yana ƙona hanci ya ƙara kawo ruwa, in ya yi kaɗan ko ruwa zalla ne shi ma yana yin zogi. Ruwan rijiya ko na garuwa da ba a tafasa ba kada ya shiga hanci. Na kurkure maƙogwaro kuwa rabin cokalin shayi ne a kofin ruwan ɗumi, sau uku ko huɗu a yini, a tofar. Yaro ƙasa da shekara 6 bai iya ba, haɗiyewa zai yi.

Malam Isufu:
Shayin kayan yaji fa, wanda kowa ke yi? Ga yadda ya fi dacewa a ce a haɗa: ɗanyar citta kamar gaɓar babban yatsa, a kankare a daddaka, kanunfari ƙwaya 3 ko 4, ruwa rabin lita, a tafasa minti 10. A sauke, a bar shi ya huce har yadda za a iya kurɓa, sannan a matsa rabin lemun tsami a sa zuma. Masu jefa lemun cikin tukunya yana tafasa sun kashe bitamin C ɗin da suke nema, zafi yana lalata shi. In garin busasshiyar citta ne, rabin cokalin shayi ya kai kimanin giram 1, kuma kada a wuce giram 4 a yini. Mai ciki ta tsaya a giram 1. Amfaninsa ɗumi ne da jiƙa maƙogwaro da sa mutum ya sha ruwa. Wanda ya ƙara masoro da kimba da barkono har yana hawaye, ya ce wai a ƙona murar, cikinsa yake ƙonawa. Mai gyambon ciki da mai ƙwannafi su rage.

Dokta Mariyama:
Sai a kula da masu shan maganin tsinka jini, irin su Sintrom, da masu shan asfirin kullum saboda zuciya. Citta da tafarnuwa na miya ba matsala, amma mai yawa kullum tana iya ƙara zubar jini. Ita tafarnuwa, in ana maganar mura, gwaji ɗaya ne mai ɗan ƙwari aka samu, na mutum 146, kuma a kan rigakafi ne, ba warkarwa ba. Cusa ta a hanci ko ɗaure dakakkiya a ƙirjin yaro yana saluɓe fata kamar ƙunar wuta. Man kanunfari na kwalba, wanda ake saya don ciwon haƙori, ba na sha ba ne, ɗan kaɗan yana taɓa hantar yaro. A ajiye shi sama.

Da kanwa. Ana jiƙa ungurnu ko jar kanwa a sha wai ta wanke ƙirji. Gishirin sodiyom ce cunkus, mai hawan jini da mai ciwon zuciya ko ƙoda da mai jego su bar ta.

Malam Harisu:
Sabara da bagaruwa fa? Kakanninmu da su suka yi maganin tari.

Dokta Abdu:
Sabara ba mu kaɗai ba, har Senegal da Mali ana dafa ganyenta don tari. Babba ya sha kofi ɗaya ko biyu na kwana kaɗan, ba zan hana shi ba. Bagaruwa tana da ɗaci mai tsuke fata, shi ya sa kurkure da ita ke rage raɗaɗin maƙogwaro, amma kurkure ne, shanta da yawa yana ɗaure ciki ya hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe, ga matanmu da ƙarancin jini. Matsalar jiƙo ita ce ƙarfinsa na yau daban da na gobe, ya danganta da yawan ganye da daɗewa a wuta. A Bamako sun ɗauki wani itacen tari suka auna shi suka yi siro mai ma'auni, Balembo. Irin wannan hanyar ce za ta sa mai farmasi ya iya cewa cokali kaza. Man dogon yaro kuwa, wanda ake tatsa daga ƴaƴansa, kada ya shiga bakin ƙaramin yaro ko kaɗan, yana kawo amai da jijjiga da suma.

Laminu:
Sirace fa, Dokta? Shi aka fi tambaya.

Dokta Abdu:
Gwaje-gwajen da aka yi ba su nuna yana gajarta mura ba. Mutum yana jin sauƙi na ɗan lokaci, shi ke nan. Abin da ya tabbata shi ne ƙuna. Tukunyar tafasasshen ruwa, bargo a rufe, yaro yana fizge-fizge a cinyar uwarsa, ƙafa ɗaya ce za ta taɓa tukunyar. Don haka ga yara amsar ita ce a'a, ba tare da kwana-kwana ba. Babba in ya nace, ya juye ruwan a kwano mai faɗin gindi, ya ajiye a ƙasa mai daidai, ya bar shi ya ɗan huce, fuska nesa da kamu biyu, ido a rufe, minti 5 zuwa 10. Ba a kan murhun gawayi ba. Mai asma kada ya zuba Robb ko ganyen turare a ciki, ƙamshin kan tayar masa da ciwon.

Tunda an zo kan gawayi: a ƙarshen Disamba da Janairu mutane suna shiga ɗaki da kaskon garwashi su toshe ƙofa da taga. Iyali su tashi da ciwon kai da jiri da tashin zuciya gaba ɗaya, su zo neman maganin mura. In gida guda suka zo da wannan kuma babu zazzaɓi, ka tambayi kasko. Turaren wuta ma yana tsawaita tarin yaro.

Hajiya Zuwaira:
Man zafi shi ne abin da ya fi damuna. Robb, Vicks, Mentholatum, a kowace jakar uwa akwai. Ba sa buɗe hanci, sanyin da suke sawa ne ke sa mutum ya ji kamar iska na wucewa. Daga shekara 2 zuwa sama a shafa siriri a ƙirji da baya, a sa riga. Ƙasa da haka a bari. Ba a cikin hanci ba, ba a lasa ba, ba a narka a shayi ba, don kafur ɗin da ke ciki in an haɗiye yana kawo jijjiga. Yaron da ya taɓa jijjiga saboda zazzaɓi a nisanta shi da su. A Faransa ma magungunan matsi na tari masu irin waɗannan mayukan an hana su ga yaro ƙasa da wata 30. Sannan fararen ƙwallayen da ake sa wa tufafi, da mutane ke kira kafur su ma, yawancinsu wani sinadari ne daban mai fasa jinin wasu jarirai ya sa su shawara. Ba a jefa su a ruwan sha ko na wanka.

Alhaji Mamman:
To ku bar mana bitamin C dai, shi ne ke tafiya.

Dokta Mariyama:
Yana tafiya, amma a faɗi gaskiyarsa. Da aka tattara gwaje-gwaje, mai shansa kullum bai fi kowa tsira daga kamuwa ba. Abin da aka gani shi ne murar kan gajarta da kimanin kashi 8 cikin ɗari ga manya, kashi 14 ga yara, kuma ga wanda yake sha tun kafin ya kamu. Wanda ya fara bayan hanci ya soma zuba, ba a ga wani abin kirki ba. Kashi 8 na mako guda kusan rabin yini ke nan. Jikin babba mg 75 zuwa 90 yake buƙata a yini. Gwaiba ɗaya ta wuce haka, ga lemu, ga garin ƴaƴan kuka a dama da ruwan sanyi. Sama da mg 2000 a yini yana kawo gudawa, mai tsakuwar ƙoda kuma ya kiyaye. Wanda ake jefawa a ruwa ya narke yana kumfa yana ɗauke da sodiyom, ka duba takardar kafin ka ba mai hawan jini.

Malam Isufu:
Zinki ma ana rikita shi. Wanda aka gwada don mura na tsotsa ne, ga manya, mg 75 ko fiye a yini, a fara cikin awa 24 na farko, kuma sakamakon ma bai zauna daram ba. Yana da ɗanɗanon ƙarfe, yana tayar da zuciya. Wanda ke hannunmu na mg 20 mai narkewa na gudawar yara ne, tare da ruwan gishiri da suga, kwana 10 zuwa 14, rabin ƙwaya ga ƙasa da wata 6. Kada a kwashe shi a sayar da sunan mura. Na fesawa a hanci kuwa hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2009 saboda mutane sun daina jin ƙamshi. Kuma zinki yana kama antibiyotik irin su sifrofloksasin da doksisiklin a hanji ya hana su shiga jini, sai an raba su da awanni.

Laminu:
Akwai wani mai tsada, ƙananan ƙwayoyi farare a siririn bututu, Oscillococcinum. Manyan ma'aikata suna nemansa.

Dokta Mariyama:
Daga hanta da zuciyar agwagwa ake farawa, a tsarma kashi ɗaya cikin ɗari, a sake tsarmawa, har sau 200. Kafin a kai sau 15 babu ko ƙwayar zarra ta asalin da ta rage. Abin da ke cikin bututun giram 1 ne na suga. Ba ya cutarwa, ba ya kuma yin komai. Faransa da ke yin sa ta daina biyan kuɗin irin wannan magani daga asusun lafiya tun 1 ga Janairu 2021.

Alhaji Mamman:
Mutum ya zo da kuɗinsa ya ambaci suna, ni in ce masa suga ne? Gobe makwabcina zai je.

Dokta Mariyama:
In ya ambaci suna ka ba shi, haƙƙinsa ne. Amma in ya ce "me ya fi", ba za ka nuna masa shi ba alhali mai ƙaramin ƙarfi ne da zai bar farasitamol ya saye shi.

Alhaji Mamman:
Wannan kuma sai mun zauna.

Majo Sani:
Ni haɗarin da nake gani ba a ganye yake ba, a haɗa na kwali biyu ne. Fervex na manya, kowane ƙunshi akwai farasitamol mg 500. Mutum ya sha uku a yini, ya ƙara Doliprane 1000, shi ma farasitamol ne, sau uku, ya kai giram 4.5, ya haye iyaka bai sani ba, hanta ce ke biya. Mai saye da kansa ya tsaya a giram 3, tazarar awa 6. Yaro mg 15 kan kowane kilo, duk awa 6. Mai kilo 10 ke nan mg 150, wato ml 6 da ɗan ɗori na siro mai mg 120 a ml 5. Fervex ɗin kuma da firiton suna sa barci, ka tambayi mai kabu-kabu ko direban Magarya kafin ka ba shi na rana. Ƙwayoyin buɗe hanci masu sudo'efedirin, irin su Actifed Rhume da Humex Rhume, ba na mai hawan jini ba ne, ba na mai ciki ba, ba na ƙasa da shekara 15 ba. A Faransa tun Disamba 2024 sai da ordonas, wato takardar likita. Ɗigon buɗe hanci kada ya wuce kwana 5, in ya wuce hancin ne zai toshe fiye da da. Asfirin ba na yaro mai mura ba ne. Siro mai tsinka majina, irin su karbosistin, ba na ƙasa da shekara 2 ba ne, don yana ƙara majinar yaron bai iya fitar da ita ba. Kodin, maganin danne tari, ba na ƙasa da shekara 12 ba, Nijeriya ma ta hana siro ɗinsa tun 2018.

Sai ƙullin ƙwayoyi kala-kala da masu tebur ke haɗawa a leda. Sau da yawa akwai deksametazon, maganin kumburi mai ƙarfi, a ciki, mutum ya ji garau washegari ya ce maganin farmasi ba ya ci, suga da hawan jini kuma suna hawa. Siro da ya yi yawo a rana kan tire, babu lambar rukuni, babu sunan kamfani, kada mu manta a 2022 yara kusan 70 suka rasu a Gambiya da ciwon ƙoda bayan shan siro ɗin tari da mura mai guba.

Dokta Abdu:
Laminu, wannan ka rubuta ka manna a bayan kanta, don shi ne ya fi zuma da citta. Ka ce uwa ta ɗaga rigar yaro yana natse, ba yana kuka ba, ka duba agogon wayarka minti ɗaya cur kana ƙirga tashin ciki. Ƙasa da wata 2, numfashi 60 ko fiye. Wata 2 zuwa 11, 50 ko fiye. Shekara 1 zuwa 5, 40 ko fiye. Wannan ba mura ba ce, ciwon huhu ne har sai an tabbatar ba shi ba. In ƙasan haƙarƙari yana lotsawa ciki sa'ad da yake jan numfashi, ko ya ƙi nono, ko yana amayar da komai, ko ya yi jijjiga, ko ba ya farkawa sosai, ba CSI, ƙaramar likita, ma za a tsaya jira ba, a wuce babbar likita. Jariri ƙasa da wata 3 da zazzaɓi, da mai sikila da zazzaɓi, su ma haka. Duk wani zazzaɓi a yi gwajin maleriya, ko da hunturu ne.

Kuma mu tuna inda muke zaune. Sanƙarau ya taso a jihar nan ta Damagaram daga Nuwamba 2022, ya ci gaba har 2023. Zazzaɓi da matsanancin ciwon kai da ƙagewar wuya, ko maɗigar jariri ta kumbura, ba a ba shi shayi. Mashaƙo ya ɓulla a Matamai a 2023: ciwon maƙogwaro, wuya ya kumbura, farar fata mai toka-toka a manne a ganda, murya ta sauya. Wanda aka ba bagaruwa ya kurkura kwana uku ya yi asarar kwanakin da suka fi muhimmanci. Ƙyanda ita ma da mura da jan ido take farawa kafin ƙuraje. Tarin da ya kai mako 2, musamman da rama da gumin dare, a tura awon tarin fuka, maganinsa kyauta ne.

Hajiya Zuwaira:
Da wanzami. Tari ya ƙi ci ya ƙi cinyewa sai a ce beli ne, a kai a yanke. Beli ba ya kawo tari, yankan ne ke kawo zubar jini da ƙin cin abinci, ga aska ɗaya a bakuna da yawa. In uwa ta ambata, a lallashe ta ta fara kai shi awo.

Laminu:
Allah ya ƙara sani, na kwashe. Tambaya ɗaya ta rage: duk inda aka ce cokalin shayi, wanne? Na gidanmu uku ne kuma babu wanda ya yi daidai da wani.

Malam Isufu:
Babu ko ɗaya. Cokalin gida wani ml 3 yake ɗauka, wani ya wuce 7. Ka ba uwa sirinji na ml 5 ka cire allurar a gabanka, ka ja ruwa zuwa inda ake so ka sa alama da biro. Kuma abin awon da ke zuwa cikin kwalin siro, mai lambar kilo a jiki, na wannan siro ɗin ne kaɗai. Na Doliprane ba ya aiki a Efferalgan, don ɗaya mg 24 ne a kowane ml, ɗayan mg 30.